Neman shawara: Mahaifina ya ce marubucin tarihin da nake ƙauna yana ƙari

Mai tambaya, daga cikin birnin Zariya:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Akwai wani marubucin tarihi da na shafe shekaru ina bibiyar rubutunsa, kuma ba zan kama sunansa ba domin kada zancen ya koma yabonsa ko sukarsa. Abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne yadda yake ba da tarihi tamkar da shi aka yi, har mai karatu ya ji sukuwar dawakai da busar kakaki, ya manta cewa shekaru fiye da 200 ke tsakaninsa da mutanen. Tun da idon mahaifina ya yi rauni, ni nake karanta masa bayan sallar isha'i, kuma wannan lokaci ya fi kowane lokaci daraja a wurina.

A makon jiya muka kai babin fitar Sarki Makau daga Zazzau. Marubucin ya kawo abin da Makau ya raya a zuciyarsa sa'ad da ya waiwayi ganuwa, har da maganar da ya yi wa fadawansa. Sai Baba ya ɗaga hannu ya ce in dakata, ya tambaye ni wanda ya tsaya kusa da sarkin ya ji wannan magana. Na rasa amsa. Tun daga daren nan nake karatu da ɗar-ɗar, daɗin da nake ji ya ragu ƙwarai. Shin wannan ha'inci ne daga marubucin? In ci gaba da karanta wa Baba littafin, ko in nemi wani?

Malamin tarihi, daga Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa hidimar mahaifi. Tambayar da Baba ya yi ita ce wadda muke fama mu koya wa ɗalibai a aji, saboda haka kada ka ɗauke ta a matsayin abin da ya ɓata maka karatu.

Babin da kuka karanta ya haɗa abubuwa masu daraja daban-daban. Akwai abin da ya tabbata: Malam Musa ya zo da tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Makau ya bar birni ya yi kudu zuwa Zuba, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Akwai kuma abin da aka gada ta baki, kamar ruwayar da ke cewa Makau yana filin Idi a bayan gari lokacin da mayaƙan jihadi suka auka wa birnin, wadda mutanen tsohuwar Abuja suka riƙe. Ko shekarar fitar Makau ma akwai saɓani a kanta, domin tsofaffin lissafi suna cewa 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto, masu bincike na baya kuwa sun fi karkata ga 1808, shekarar da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi. Sai kuma abin da marubuci ya cike da tunaninsa, wato abin da sarki ya ji a ransa da kalmomin da ya furta, kuma a nan Baba ya tsayar da kai.

Ni ba na kiran wannan ha'inci kai tsaye. Abin dubawa shi ne ko marubucin yana nuna maka inda ya tsallaka daga tabbas zuwa zato. Koma babin ka duba ko ya yi amfani da kalmomi irin su "an ce" ko "mai yiwuwa", sannan ka buɗe ƙarshen littafin ka ga ko ya faɗi inda ya samo labarin. Idan yana yin haka, amintacce ne ko da alƙalaminsa na da zaƙi. Idan kuwa ya zuba zato da tabbas a ƙwarya ɗaya da murya ɗaya, ka ci gaba da jin daɗinsa, amma kada ka kafa hujja da shi.

Don kwatantawa, nemi littafin Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, wanda Malam Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, domin shi labarin waɗanda suka fita ne daga bakinsu. Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello kuma rubutun wanda aka yi yaƙe-yaƙen jihadi da shi ne, kodayake shi ma daga ɓangare ɗaya yake magana.

Wata malama, daga Tudun Wada:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ni ina ganin ya sassauta wa marubucin. Sanya wa mamaci magana a baki ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, musamman a Zazzau, inda gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, suke nan da zuriyarsu, zuriyar Makau kuma suna Suleja. Yaro zai karanta jimlar da aka ƙirƙira, ya haddace ta, gobe ya faɗe ta a gaban jikokin mutumin a matsayin maganar kakansu. Na ga irin haka a tsakanin ɗalibaina a kan Sarauniya Amina, wadda abin da tsofaffin rubuce-rubuce suka kawo game da ita kaɗan ne, amma labaran da aka ɗora mata sun cika gari. Shawarata, ɗan'uwa, idan ka zo irin wannan wuri ka gaya wa Baba tun kafin ka karanta cewa nan marubuci ne ke magana, ba tarihi ba.

Wani dattijo, daga Tukur-Tukur:

Ɗana, ni sa'an mahaifinka ne ko kusa, kuma ina ganin ba ka fahimci abin da ya yi ba. Bai ce ka rufe littafin ba. Mutanen da suka tashi a zauren karatu ba su saba karɓar magana ba tare da sun tambayi wanda ya ruwaito ta ba, kuma mutum ba ya yin wannan tambaya sai labari ya shige shi. Da littafin bai kama shi ba, da barci ya yi ya bar ka.

Abin da ya fi damuna shi ne kana da littafi mai rai a gabanka kana ta neman na takarda. Mutumin da aka haifa a cikin birni kuma ya tsufa a ciki ya ji abubuwa daga bakin waɗanda iyayensu suka ga zuwan Turawa a 1902, zamanin Sarki Kwasau, da waɗanda suka haddace waƙoƙin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Duk inda ya tsayar da kai, ka tambaye shi yadda shi ya ji labarin, ka ɗauki muryarsa a waya idan ya yarda. Mu nan Zariya muka fi kowa sanin cewa haka littattafan tarihi suka faro, domin a garin nan Hukumar Fassara ta tattara tsofaffin rubutun Larabci ta mayar Hausa a Labarun Hausawa da Maƙwabtansu tun shekarun 1930, kafin a kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Na yi nadamar rashin yin haka da nawa mahaifin, kuma ba na so ka yi irinta.

Wani ɗalibi, daga Kongo:

Yaya, idan lafiyar Baba ta ba da dama, ka fita da shi ya zaga wuraren da kuke karantawa, ko da Ƙofar Doka ne da Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Littattafan da Malam ya ambata kuma, ka fara tambaya a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, ko Gidan Arewa a Kaduna.

Mai tambaya:

Na gode, iyayena da 'yan'uwana, Allah ya ƙara ilimi. Na koma babin kamar yadda Malam ya ce, na tarar marubucin ya rubuta "wataƙila" a farkon sakin layin, ni ne na wuce kalmar da gudu saboda labarin ya ɗauke ni. Duk da haka maganar fadawan bai nuna inda ya samo ta ba, kuma a nan ina tare da Malama. Daren jiya na bi shawarar Baba na Tukur-Tukur, na tambayi mahaifina yadda shi ya ji labarin, ya yi ta ba ni abin da kakarsa ta gaya masa har kusan ƙarfe 11, ba mu karanta ko shafi ɗaya ba. Ya ce yana so ya ji ruwayar mutanen Abuja kafin mu ci gaba. Idan akwai mai littafin Makau a nan Zariya da zai ba ni aro na mako biyu, zan zo har gida in karɓa.