Waƙoƙin Japan masu wuyar rerawa a karaoke, wacce zan ɗauka?

Auta: Salam jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema, ƙarshen Disamba 'yan lab ɗinmu na jami'a a nan Japan za su yi bonenkai, walimar ƙarshen shekara kenan, kuma an ce ana tashi daga cin abinci karaoke za a wuce, farfesanmu mutum ne mai son waƙa kowa sai ya riƙe maik. Ni so nake in yi ta Japananci, kuma ba irin mai sauƙin nan ba, wadda in na gama za su san zama na yi na koya. Pretender ta Official Hige Dandism ce a raina. Ya kuka gani?

Baban Hanan: Wa alaikumus salam ƙanena. Pretender akwai daɗi amma kar kunnenka ya yaudare ka, Fujihara mawaƙinsu a natse yake rera ta shi ya sa kake jin kamar ba komai, sai ka shiga amshi za ka gane a sama take zaune kuma ba ta saukowa da wuri. Muryarka mai kauri ce ko siririya?

Auta: Mai kauri ce Yaya, sosai ma

Baban Hanan: To ka rage kii, wato ka sauko da tsayin sautin waƙar. A jikin remot ɗin akwai wajen ƙari da ragi, kowane danni rabin mataki ne, danni 12 shi ne okitaf guda, wato sautin ya zagayo ya koma irinsa amma a sama ko a ƙasa. Fara da ragin 2 ko 3 ka ji. Kuma ka lura wani lokaci kii ɗin da na'ura take farawa da shi ba shi ne na asalin mawaƙin ba, akwai maɓallin genkyoku kii shi ke mayar da ita yadda take a faifai, ka san a wanne kake kafin ka fara lissafin ragi.

Ɗan Damagaram: Kai Baban Hanan, in an rage kii kuma ina wahalar? Yaro ya ce mai wuya yake so. Auta ka ɗauki Kurenai ta X Japan, ta 1989, a hankali take farawa har da baitin Turanci sannan ganguna su ɓarke, Toshi mawaƙinsu ya haye sama ya zauna can. Duk ɗakin da na ga an sa ta sai manyan wajen sun miƙe tsaye, in farfesanku ya haura hamsin wlh zamaninsa ce.

Maman Ilham: Ɗan Damagaram kar ka sa yaron mutane ya kwana uku ba murya. Bari in faɗi abin da nake gani mutane ke haɗawa. Waƙa mai tsayin murya daban, waƙa mai faɗi daban. Kurenai tsayi ne da ƙarfi, in ka rage kii ta zo maka daidai shikenan an gama, sai dai numfashi. Amma akwai waɗanda suke farawa can ƙasa su ƙare can sama, su ragin kii ba ya maganinsu, kana rage saman sai ƙasan ya nutse ka koma raɗa ba wanda ke jinka, kana ƙarawa don ƙasan ya fito saman ya gagare ka. Kamar bargo ne gajere, ka rufe kai ƙafa ta fito. Irin waɗannan dole sai ka iya sauya murya daga ta ƙirji, wadda suke cewa jigoe, zuwa siririyar nan ta sama, uragoe, ba tare da an ji ta karye a tsakani ba. Nan ne aikin yake gaba ɗaya.

Auta: Anti ba ni misali

Maman Ilham: Hakujitsu ta King Gnu, 2019 ta fito. Ita ai mutum biyu ne suka raba, Iguchi ya buɗe da siririyar murya tun kalmar farko, Tsuneta kuma yana ƙasa da kaurinsa, to kai kaɗai kana son ɗaukar aikin mutum biyu. Sai Soranji ta Mrs. GREEN APPLE, wannan kam ban ba ka shawara ba yanzu, Omori mawaƙinsu abin nasa baiwa ce da horo na shekaru.

Hajjo: Ni dai na mata zan kawo tunda ba wanda ya taɓo su. Gurenge ta LiSA wadda ke buɗe anime ɗin nan Kimetsu no Yaiba, kowa ya san ta har yara, ƙarfi take so tun daga farko. Yoru ni Kakeru ta YOASOBI kuma wahalarta ba tsayi kaɗai ba ne, gudu gareta kuma babu wajen shaƙar iska, murya tana tsalle sama da ƙasa, ga shi wajen ƙarshe kii yana canzawa sai ka ji ƙasa ta zame maka in ba ka shirya ba. Abin da nake yi shi ne in rubuta baitocin a takarda da hiragana, haruffan Japananci masu sauƙin karantawa, in sa alama da jan biro duk inda zan ja numfashi, domin rubutun allo ko da akwai ƙananan haruffa a saman kanji, haruffansu masu wuyar nan, ido ba ya cimma su a waƙa mai sauri, sai ka haddace.

Baban Hanan: Hajjo ta tuna min. Namiji in zai yi waƙar mace ba ragewa zai yi ba, ƙarawa zai yi kamar 4 ko 5 sannan ya rera a okitaf na ƙasa. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai su bar ta a asalin kii su bi ta ƙasa, murya ta yi ta gurnani ba armashi.

Ɗan Damagaram: Na ji duka amma ni har gobe ina ganin asalin kii ya fi daɗi, kiɗan ma in an rage shi da yawa sai ya yi nauyi kamar ba shi ba

Maman Ilham: Wannan gaskiya ne in ragin ya yi yawa, shi ya sa in na ga waƙa tana neman ragin 5 ko 6 nake cewa ba tawa ba ce in nemi wata. Amma 2 ko 3 ba wanda zai lura, abin da za su lura da shi shi ne jijiyar wuyanka ta tashi kana ihu. Su kansu Japanawa a gabana suke danna ragi ba kunya.

Hajjo: Anti ke da kike son masu sanyi ba ki faɗi Everything ta MISIA ba

Maman Ilham: Ina sonta kamar me, ta shekarar 2000 ce amma har yanzu in sanyi ya shigo sai ka ji ta ko'ina. Sai dai ta kai wajen minti 7, a ɗakin da mutum goma ke jiran layi ba daidai ba ne ka riƙe maik haka, wannan ta ranar da kike ke kaɗai ce ko ku biyu. Jan murya ne da ita mai tsawo, numfashi daga ciki ba daga ƙirji ba.

Auta: To a ina zan yi gwaji, ɗakina bango siriri ne maƙwabci yana jin ko tari

Baban Hanan: Hitokara mana, zuwa karaoke kai kaɗai, ba abin mamaki ba ne a nan ko kaɗan ma'aikatan ma ba za su kalle ka sau biyu ba. Ka je ranar aiki da safe ko da rana ya fi araha nesa ba kusa ba, ka nuna katin ɗalibi, in kana da lokaci ka ce furii taimu, wato biya ɗaya na dogon lokaci ba lissafin awa ba. Gidajen karaoke na Manekineko suna barin mutum ya shiga da abincinsa da abin shansa, ni da fulas ɗin ruwan ɗumi da citta da zuma nake zuwa. A wajen biya za su tambaye ka wace na'urar karaoke kake so, DAM ko JOYSOUND, in maki kake so ka ga inda kake kuskure ɗauki DAM ka kunna seimitsu saiten, tsarinta na ba da maki, layi zai fito a saman allo yana nuna maka ko ka hau daidai ko ka zame, a ƙarshe har iyakar inda muryarka ta kai sama da ƙasa yake nunawa. JOYSOUND kuma an san su da yawan waƙoƙin anime da na vocaloid, masu muryar kwamfuta.

Hajjo: Kar ka sha mai ƙanƙara. Kuma ranar walimar tunda ba giya kake sha ba shayin oolong za su yi ta turo maka, Japanawa da kansu suna cewa yana busar da maƙogwaro kafin waƙa, ka nemi ruwa kawai. Kar kuma ka buɗe da mai wuyar, fara da wata a tsakiya murya ta ɗumama, Cherry ta Spitz ko makamanciyarta, mai wuyar ta zo ta biyu ko ta uku.

Ɗan Damagaram: In Kurenai ta yi yawa to Konayuki ta Remioromen, 2005, baitocin a ƙasa suke lafiya lau, amshin ne kawai yake tsalle sama lokaci ɗaya a kalmar farko, in ka kama wannan wajen ɗakin naka ne

Maman Ilham: Ita ma ai mai faɗin ce da nake faɗa, amma ta fi Hakujitsu sauƙin kamawa tunda ba ta da gudu. Auta ni ga tawa shawarar, ka gwada Pretender da Konayuki duka da ragin 2, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, wadda ka gama ba ka ji maƙogwaro na zafi ba ita ce taka. In kuma Hakujitsu ta shiga ranka nemi ɗan lab ɗinku mai siririyar murya ya yi na Iguchi kai ka yi na Tsuneta, da muryarka mai kauri zai zauna maka sosai, kuma Japanawa suna jin daɗin a ce a yi tare.

Auta: Wlh akwai wani senpai ɗina, na gaba da ni a lab, da ke yin ta kullum, gobe zan tambaye shi. Na gode Anti, na gode Yaya. Asabar zan je hitokara in sha Allah

Baban Hanan: Asabar ta fi tsada ƙanena, in kana da sarari ranar Talata ko Laraba da safe ka je. Ka turo mana hoton makin mu gani.