Fita da yara bakin ruwan Tiga, wa ya taɓa zuwa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Dan Allah shawara nake nema. Tunda aka ba yara hutu gidan nan ya zama kasuwa, daga faɗa kan rimot sai kukan ƙaramin, ga zafi ga ba wuta, Abbansu kuma in ya dawo ba um ba um-um sai danna waya har bacci ya kwashe shi. Ni kaina rabon da in zauna ban tunanin me za a ɗora ba har na manta. Shine na ce masa ran Lahadi mu je Tiga mu sha iska, wai "ruwa ne fa kawai, me za a gani". Wa ya taɓa zuwa da iyali? Kuma ana barin yara su shiga ruwan?

Ɗan Bebeji:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki gaya wa maigida ruwan da ya raina ɗin nan shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, tumatir da shinkafar da kuke ci da yawa daga nan ne. Tun zamanin Audu Bako aka gina dam ɗin, 1974 aka gama. Ku fito da sassafe ta titin Zariya, ku tarar da masunta sun dawo da karfasa da tarwaɗa sabon kamu.

Anti Nas:
Zuwa kam ku je, amma batun shiga ruwa a'a. Ruwan dam da ke kwance akwai ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, ta fata take shiga ba sai an sha ba, sai bayan makonni ki ga yaro yana fitsarin jini ki rasa daga ina. Kwale-kwale ma in ba rigar ruwa kar ku yarda, kin dai tuna ɗaliban Islamiyyar da suka rasu a Bagwai a 2021, Allah Ya jiƙansu.

Uwargida:
Mun je bara da surukata, wadda tun a mota take mitar wai yawon banza ne da kuɗin mai. Muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiya, na buɗe kular dambu da zoɓo mai ƙanƙara, wlh kafin la'asar Hajiya ta ture ɗankwali ta yi matashi da jakata ta hau minshari, ita da kullum take kukan ba ta samun bacci. Yaran kuwa gasar jifa suka yi ta yi, wa dutsensa zai fi nisa, har babansu ya naɗe ƙafar wando ya shiga cikinsu, ni dai ina zaune ina kallo babu mai kiran Mama. Ki tafi da buta da sallaya da ledar kwashe shara, kuma ku taso kafin magariba saboda sauro da hanya.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Anti Nas na ji, ko yatsa ba mai tsomawa. Na nuna masa maganar karfasar nan ya yi dariya ya ce to in dai ni zan soya. Uwargida dambun na shinkafa kika yi ko na tsaki, baya lalacewa a zafin nan?