Shirya kaya a wadirob kafin damina ta kankama

Amaryar Bana: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Wadirob mai ƙofa uku ce, ga kayan lefe da rabinsu ba a ɗinka ba, ga manyan rigunan maigida da hulunansa, ga zannuwan gado da barguna. Komai a cushe yake, in an zaro ɗaya sai biyar su biyo shi. Ga damina ta ƙarato. Ta ina ake farawa?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam, 'yata. Rabo ake fara yi kafin ninki. Ki shimfiɗa tabarma, ki kwashe komai har wadirob ɗin ta zama fayau, ki goge ta da tsumma mai ɗan danshi, ki bar ƙofofinta a buɗe ta sha iska wuni guda. Sai ki kasa kayan kashi uku: na sawa kullum, na biki da Juma'a da Sallah, sai waɗanda za su yi wata shida ba a taɓa su ba, wato barguna, rigunan sanyi da atamfofin da ba a ɗinka ba. Kashi na ukun nan ba shi da hurumi a tsakiyar wadirob, aikin akwatunan lefenki ke nan. Na kullum su zauna tsakanin ƙugu da kafaɗa, inda hannu ke kaiwa ba a durƙusa ba, ba a taka kujera ba.

Mai Bugu da Guga: Hajiya ta faɗi gaskiya. Bari in ɗauki babbar riga, don ita aka fi ɓatawa. In shadda ta dawo daga bugu ko guga, da layin ninkinta take dawowa. Wannan layin za a riƙa bi kullum, domin duk sabon layin da aka karya a shadda mai sitati sai ya fito fari-fari, musamman a mai duhu kamar baƙa ko ruwan makuba. Ga yadda ake yi: a shimfiɗa ta a gado, gabanta yana kallon katifa. A ɗauko hannun dama a ninko shi ciki sau biyu, in riga ce mai faɗi sosai sau uku, har gefen ya tsaya daidai inda aikin gaba ya ƙare. Haka na hagu. Sai a ɗora 'yar ciki da wando a tsakiya, a ɗago gindin rigar a rufe su. Wurin karyawa ya kasance ƙasa da aljihu, kada layi ya ratsa ta kan aiki. Aikin hannu irin aska takwas ko aska biyu, in ana karya shi a wuri ɗaya, zaren yana sassautawa ya fara tashi. In kin juyo ta, aikin zai zama a sama a miƙe, sai ki lulluɓe da tsohon farin ƙyalle. Huɗu ko biyar sun isa a jeri ɗaya. In sun wuce haka ta ƙasa tana danƙarewa, kuma wajen zaro ta ake rushe sauran.

Abu na biyu, kayan da aka gama gogewa yanzu kada a sa su a wadirob da zafinsu. A bar su kamar rabin awa a kan gado su huce. Tururin da ya maƙale a cikin ninki shi ne mafarin warin nan na gumi-gumi da ake ji a watan Agusta.

Amaryar Bana: Na gode Malam. To ba gara a rataye su a hanga ba, a huta da ninki?

Tela: Ƙanwata, kaftani da jallabiya da abaya su ne 'yan hanga. Babbar riga kuwa, cikakken ɗinki da 'yar ciki da wando yadi goma yake ci, kuma mafi yawansa a jikin rigar yake. Duk nauyin nan in an rataye ta a wuya da kafaɗa yake taruwa, bayan 'yan watanni sai wuyan ya buɗe, kafaɗa ta yi tozo. In dole sai an rataye, a ninke ta tukuna, a ɗora ta a sandar hanga mai kauri kamar yadda ake ɗora wando. Hangar waya siririya kuma a raba ta da kaya masu daraja: da damina tana tsatsa, ta bar jan layi a kafaɗar farar shadda. In hakan ta riga ta faru, a matsa lemon tsami a wurin, a barbaɗa gishiri, a shanya a rana, a ɗauraye. A fararen kaya kawai, mai launi yana iya koɗewa.

Leshi mai duwatsu a juya shi ciki ya koma waje kafin a ninke, a sa ƙyalle tsakaninsa da na kusa da shi. Duwatsun nan su ke fizge zaren mayafi da na wani leshin.

Maman 'Yan Biyu: Ni kan mayafai da hijabai zan yi magana, don su ne ke fara hargitsa durowa. Mayafi mai santsi ba ya zama a ninke, zamewa yake. A ninka shi gida uku ta tsawo, a naɗe shi kamar tabarma, a jera a tsaye a durowa, kowanne kansa yana sama. Kina buɗewa kin ga launukan duka, kin zaro wanda ya dace da atamfarki ba ki taɓa sauran ba. Ashoke da ɗankwalin gwaggwaro mai tauri su ma naɗi suke so, ninki yana karya su. Ɗinkakkiyar atamfa kuma kada a raba ta: a ninka zane, a sa riga da ɗankwali a cikinsa, a rufe. Haka zanin gado, a ninka shi da rigar filo ɗaya, a zura su cikin ɗaya rigar filon, saiti ya zama ƙunshi guda.

Ga masu yara, ranar Lahadi da yamma a haɗa wa kowane yaro yunifom, singileti da safa a naɗi ɗaya na kowace rana, na boko daban, na Islamiyya daban. Ana iya raba durowar da kwalayen takalma.

Hajiya Babba: Naɗin nan daidai ne, amma ban goyi bayan kwali ba, Maman 'Yan Biyu. Kyankyaso yana son lungun kwali, a nan yake ajiye ƙwansa, ita ma gara mai cin katako abincinta ne, kuma da damina kwali yana shan laima ya riƙe. Ƙananan kwandunan roba masu huji-huji sun fi, ana wanke su a shanya.

Malam Kafinta: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Bari in ƙara da abin da ya shafi katakon kansa. Yawancin wadirob ɗin kayan ɗaki na yanzu da matsattsen garin katako ake yin su, bayan kuma falle ne siriri. Irin wannan katako in ya sha ruwa kumbura yake, kuma ba ya komawa yadda yake. Saboda haka kada a manna wadirob ɗin da bango, a bar tazarar yatsu huɗu, wajen santimita 7 zuwa 10, musamman in bangon waje ne da ruwa ke duka ko wanda ya haɗa da banɗaki. A ɗaga ta daga ƙasa da ƙafafun roba ko guntayen katako mai ƙarfi, don ruwan goge ɗaki kada ya riƙa taɓa gindinta.

In za a gyara ciki, wurin rataya yana buƙatar zurfin santimita 55 zuwa 60, in ya gaza haka kafaɗar riga za ta riƙa gugar ƙofa. Kaftani da abaya suna son tsawon santimita 150 zuwa 160 daga sanda zuwa ƙasa. Tsakanin wata kanta, wato katakon da ake jera kaya a kai, da ta samanta santimita 30 ya isa. Abin da na fi gani shi ne kanta biyu kacal a ƙofa guda, tazara kusan rabin mita, dole a yi tsibi mai tsawo, tsibi kuma rushewa yake. A kira kafinta ya ƙara kanta biyu, aikin awa ɗaya ne. Kantar da faɗinta ya wuce santimita 80 tana lanƙwasa a tsakiya in an ɗora mata atamfofi, sai an sa mata tokara. Masu nauyi a ƙasa, masu girma marasa nauyi kamar filo da bargo a sama.

Amaryar Bana: Allah ya saka da alheri. Saura atamfofin lefe da shaddojin da ba a ɗinka ba. In bar su a ledarsu? An kuma ce in zuba kafur da yawa a akwatin.

Hajiya Babba: Ki cire su daga leda. Leda tana tsare ƙurar hunturu, amma da damina gumi take yi ta ciki, daga nan sai fumfuna, baƙin ɗigo-ɗigon da wanki ba ya fitarwa duka. Ki shimfiɗa tsohon zanin gado na auduga a akwatin, ki jera su, ki rufo da shi. Duk wata uku ko huɗu ki fito da su su sha iska a inuwa, ki sauya wurin ninkin, don layin da ya daɗe yana koɗewa. Rinannun kaya, irin baƙin rinin Ƙofar Mata da rinanniyar shaddar Mali, a naɗe kowanne shi kaɗai, suna zuba a jikin fari ko ba ruwa. Duk abin da aka taɓa sawa kuma, ko sau ɗaya ne, sai an wanke kafin a adana. Gumi da maiƙon abinci su ke kiran asu. Kayan da za su daɗe a ajiye kada a sa musu sitati, ƙwari cin sa suke yi. Akwatin ma kada ya zauna a kan siminti kai tsaye, a ɗora shi a benci ko a saman wadirob.

Anti Nas: Don Allah a tsaya a kan maganar kafur, da muhimmanci. Fararen ƙwallayen nan da ake sayarwa a ƙulle, yawancinsu sinadarin naftalin ne. Akwai jariran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, kuma yana da yawa a yankinmu, ya fi bayyana a 'ya'ya maza. Irin wannan jariri in aka sa masa kayan da suka kwana da kafur, ko yana shaƙar warinsa, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya fashewa, ya kamu da ciwon shawara mai tsanani, ido da jiki su yi rawaya. Kayan jarirai, zanen goyo, tawul da shimfiɗarsu kada kafur ya kusance su ko kaɗan. Gidan da ke da mai rarrafe ma a kiyaye, yaro yana ɗauka alewa ce. Amarya, tun yanzu ki ware akwatin da kafur bai taɓa shiga ba saboda gaba.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya kiyaye mana. Madadinsa akwai busasshen ganyen darbejiya da kanumfari, a ƙulle a ƙyalle a sa a kusurwa. Ganyen ya bushe ƙarau, ɗanye tabo yake bari. Don laima kuma a zuba gawayi a tsohuwar safa, a ɗaure, a ajiye a ƙasan wadirob, duk wata a shanya shi a rana. 'Yan ƙullin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi ko jaka su ma laima suke tsotsa, a tara su a cikin jakunkunan fata, nesa da hannun yara.

Amaryar Bana: Na ji, Anti, na kiyaye. Huluna fa? Da turare, ina son kayan su riƙa ƙamshi.

Mai Bugu da Guga: Hula in an cire ta a bar ta a fili ta bushe, bakin a sama, don nan gumi ke taruwa. Zanna bukar da kube suna son kanta tasu daban, ba a ɗora musu komai. Ana iya zura ɗaya cikin ɗaya in ta cikin ta fi ƙanƙanta, amma in duka lamba ɗaya ce, a ce 22 da 22, ta wajen za ta buɗe ta daina zama a kai. Dara kuwa asu yana son ta ƙwarai, a riƙa kaɗe ta ana duba cikinta.

Hajiya Babba: Turare a waje ake yin sa, 'yata. Ki ɗora kayan a kabbasa, kasko a ƙasa, minti goma zuwa sha biyar, su huce, sannan ki ninke. Kada ki kuskura ki sa kasko mai garwashi cikin wadirob ki rufe, gobara ake jawowa da haka. Humra da turaren mai kada su taɓa farar shadda ko leshi kai tsaye, rawayan tabo suke bari. Ki ɗiga a auduga, ki sa a ƙaramar kwalba marar murfi, ki ajiye a kusurwar kanta inda ba za ta kife ba. Duk ranar da aka samu rana mai kyau a Yuli da Agusta, ki buɗe ƙofofin wadirob da tagogin ɗakin na awa biyu ko uku.