Tambaya a kan ƙarshen To Kill a Mockingbird: adalci ne ko rufa-rufa?

Ummi_Adabi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka karanta littafin nan na Harper Lee su taimaka min, an bamu aiki ne a makaranta kuma ƙarshen littafin ya tsaya min a rai. Wanda bai gama ba ya tsallake dan zan tona labarin. Tun farko an nuna mana lauya Atticus Finch mutum ne mai bin doka sau da ƙafa, ya tsaya wa Tom Robinson, baƙar fata da aka zarga da yi wa wata farar mace fyaɗe, a kotu duk garin Maycomb na zaginsa ana tsokanar yaransa a makaranta, to amma da maƙwabcinsu Boo Radley ya kashe Bob Ewell, uban yarinyar da ya zargi Tom, a daren da Ewell ɗin ya kai wa yaran Atticus, Jem da Scout, hari, sai shugaban 'yan sandan garin Heck Tate yace a'a mutumin faɗawa yayi kan wuƙarsa, Atticus yayi ta gardama daga baya kuma yayi shiru ya yarda. To ni abin da ban gane ba, baƙar fata da bai aikata komai ba an kaishi kotu an yanke masa hukuncin kisa, farar fata da yayi kisa da gaske ko tambayarsa ba a yi ba. Wannan shine adalcin da ake so yaran su koya? Ko ni ce ban fahimta ba?

Baban_Hanif:
Wa alaikumussalam malama Ummi. Kin fahimta, amma akwai abin da kika tsallake. Atticus da farko ya ɗauka Jem ne ya soki Ewell, ɗansa na cikinsa fa, kuma ya dage sai an kai maganar gaban alƙali dan kar a ce ya rufa wa ɗansa asiri, yace in yayi haka ba zai iya haɗa ido da yaran ba. Sai da ya gane cewa ba Jem Tate yake karewa ba, Boo ne, sannan ya sassauto. Boo kuwa mutum ne da ya shafe shekara da shekaru ba a ganinsa a waje, sai gashi ya fito ya ceci yara biyu daga hannun mashayi mai wuƙa, Jem har karaya ya samu a hannu. Ko kotun aka je kare rai ne, sakinsa za a yi, illa dai a fito dashi bainar jama'a ana kallonsa kamar wani abin mamaki, wanda a wurinsa wannan ma azaba ce. Ni a ganina anan ne Scout ta girma, yarinyar da a farko suke wasa da sunan mutumin nan suna cewa dodo ne mai cin ɗanyen nama, ita ce ta riƙo hannunsa ta rakashi gida.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Baban Hanif ka yi haƙuri amma ban yarda ba gaba ɗaya. Eh Boo ya cancanci tausayi, babu musu. Matsalar ita ce wa yake yanke shawarar wanda za a tausaya wa? Tate ɗin nan dai shine ya kama Tom tun farko akan maganar Bob Ewell kawai, ko likita ba a kira ya duba 'yar Ewell ɗin, Mayella, ba, Atticus sai da ya maimaita masa tambayar a kotu. Yarinya an kumbura mata ɓangaren dama na fuska, ma'ana wanda ya buge ta bahago ne, ubanta ya rubuta sunansa da hagu kowa na kallo, shi kuma Tom hannunsa na hagu ya shanye tun yana yaro injin gurzar auduga ya kama shi. Wace shaida kuma ake nema? Amma turawa 12 suka shiga ɗaki suka fito suka ce ya aikata. Kuma abin da ya kashe shi a kotun ba maganar fyaɗen ba ce, cewar da yayi tausayinta yake ji shi yasa yake taya ta aiki kyauta, wai baƙi ya tausaya wa farar mace, nan kotu ta ɗauki zafi.

To kunga ikon kau da kai yana hannun Tate tun ranar farko, bai yi amfani dashi ba sai akan Boo. Ni ina ganin marubuciyar da gangan ta jera su biyun, kuma ko shi Tate ɗin ya ambaci mutuwar Tom a daren, yana nufin wanda ya jawo ta gashi nan kwance a bar maganar haka. Kamar mai biyan bashi ne a makare. Tom dai harsashi 17 aka zuba masa a gidan yari wai zai gudu, ya bar mata da yara uku, bai ma jira ɗaukaka ƙarar da Atticus yake sa rai ba dan ya riga ya cire tsammani.

Kuma ba ƙirƙira ce zalla ba. A 1931 a jihar Alabama ɗin aka kama samari baƙaƙe 9 a jirgin ƙasa da zargin fyaɗe wa mata biyu farare, shari'ar Scottsboro, aka yanke wa 8 kisa cikin 'yan kwanaki, ɗaya daga cikin matan ma daga baya ta janye maganarta. Sau biyu maganar tana zuwa kotun ƙolin Amurka, 1932 akan rashin basu lauya na kirki, 1935 akan hana baƙaƙe zama cikin masu yanke hukunci. Labarin littafin kuma tsakanin 1933 da 1935 yake. Mata ma basa zama a lokacin, a Alabama sai 1966.

Hajjo_Zinder:
Ni kam duk ku bar Atticus, Jem ne yake bani tausayi wlh. Yana zaune a saman bene tare da baƙaƙen garin yana ta murna wai sun ci shari'a dan shi lissafin shaida yake, da aka karanta hukunci yaron nan kuka ya dinga yi. Scout ƙarama ce, shekara 6 aka fara labarin, abubuwa da yawa wucewa suke ta kanta, amma ita ce ta kama malamarsu Miss Gates tana zagin Hitler a aji akan zaluntar Yahudawa alhali ta ji ta a ƙofar kotu tana cewa gara a koya wa baƙaƙe hankali. Sannan wariyar ba ta launi kaɗai bace, gwaggonsu Alexandra ta hana Scout kawo Walter Cunningham gida dan talakawa ne, irin dai abin nan namu na ba shi da asali in an zo maganar aure. Abin dariya kuma dangin Cunningham ɗin nan da aka raina, cikinsu aka samu mutum ɗaya da ya tsaya kai da fata a ɗakin yanke hukunci har aka ɗau awanni, bayan kuma da uban Walter aka je gidan yari da daddare za a kashe Tom. Mutum kenan.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Hajjo kin kawo magana. Ƙari ɗaya ga Ummi tunda aikin makaranta ne, ki lura baƙaƙen littafin kusan basa magana da bakinsu. Calpurnia, baƙar fata mai aiki a gidan Atticus, ita ta raini yaran, ita ta koya wa Scout rubutu, amma sai ranar da ta kaisu cocinsu yaran suka gane tana da wata rayuwa daban. Matar Tom kuwa da ƙyar muka ji muryarta. Littafin ya fito 1960 ana tsakiyar gwagwarmayar 'yanci, shekara biyar bayan kisan Emmett Till, yaro baƙar fata da turawa suka kashe, da kama Rosa Parks, baƙar macen da ta ƙi tashi wa bature a kujerar bas, ya ci kyautar Pulitzer a 1961, fim ɗin 1962 ya ƙara ɗaga Atticus sama, kuma masu suka da yawa suna cewa labari ne na yadda yaran turawa suka waye, shi Tom an yi amfani da mutuwarsa ne aka koya musu darasi. In kika saka wannan malaminki zai san kin yi karatu.

Baban_Hanif:
Barista ai ba ka hana mu son Atticus ba ko? Mutum ɗaya a garin da ya zauna ƙofar gidan yari da kujera da jarida babu ko sanda.

Ummi_Adabi:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Zan rubuta cewa ceton Boo daidai ne amma bai wanke garin ba, in kawo maganar likitan nan da ba a kira ba. Saura abu ɗaya, an ce a ɗaya littafin Harper Lee, Go Set a Watchman, da ya fito 2015 Atticus ɗin yana zuwa taron masu goyon bayan wariya, in saka shi ko zai rikita min aikin? Shafi biyar kawai aka bamu kuma ranar Litinin za a karɓa.