Neman kalmar Hausa: me za mu kira "resolution" a darasin gyaran hoton gem?

Nura: Assalamu alaikum malamai. Ranar Asabar zan gabatar da darasi ga masu koyon gyaran kwamfuta kan matsalolin hoto a gem (wasan kwamfuta), kuma ranar Alhamis za a kai takardar wajen bugu. Kalma ɗaya ce ta tsayar da ni: resolution. Ga inda ta fito: idan gem ɗin GTA San Andreas ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe allo ya yi baƙi, sau da yawa resolution ɗin da ke cikin fayil ɗin gta_sa.set ne bai dace da allon ba. A shiga Documents, a buɗe foldar GTA San Andreas User Files, a goge fayil ɗin, gem ɗin zai yi sabo da kansa. Manhajar fassara ta ba ni "ƙuduri". Me zan sa?

Malama Hadiza: Wa'alaikumus salam. Ƙuduri na majalisa ne, ka cire shi. Ka sa "ingancin hoto", kowa zai gane.

Injiniya Bashir: Malama, ingancin hoto zai ɓatar da yaran. A cikin gem saitin inganci daban yake: inuwa, nisan abin da ake hangowa, gyaran gefen abubuwa don kada su yi zarto. Kana iya kai gem 1920×1080 ka sauke waɗannan duka ƙasa, hoton ya fito da muni. Resolution ƙidaya ce kawai: ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. "Girman allo" ma ba zai yi ba, don laftof mai inci 15.6 akwai mai 1366×768, akwai mai 1920×1080, alhali girmansu ɗaya. Ni dai "adadin ɗigo" nake faɗa. Nura, ka ƙara musu cewa goge gta_sa.set yana mayar da saitin maɓallai yadda ya zo, amma ba ya taɓa wasan da aka ajiye, wannan a wasu fayiloli yake.

Malam Tukur: Adadin ɗigo bayani ne, ba suna ba. Muna da kalmarmu: saƙa. Masaƙi yana da zaren tsaye da na kwance, yawansu ne ke sa ƙyalle ya yi laushi ko kaushi. A ce "saƙar hoto". Saƙar 1080, saƙar 720. Gajere ne, ya zauna a baki, kuma namu ne.

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe, kalmar ta yi daɗi, amma wani abu take nunawa. Laushin saƙa ya danganta da yawan zare a cikin taƙi ɗaya, wato cinkoso. Ɗauki 1920×1080 ɗin nan: a monita mai inci 24 ɗigo kusan 92 ke cikin kowane inci, a laftof mai inci 15.6 kuwa kusan 141. Adadi ɗaya, cinkoso daban. Idan yaro ya riƙe saƙa a matsayin resolution, ran da ya zo kan cinkoso ba shi da kalma.

Auwal: Ni ban ga abin wahala ba. A shago "rezolushan" muke cewa, mai kaya ma haka yake faɗa. Mun karɓi kwamfuta, mun karɓi intanet, me ya rage?

Malam Tukur: Abin da ya rage shi ne harshen. Kullum aka zo kan kimiyya sai a ce Hausa ba za ta iya ba, a ɗauko Turanci a sa masa hula. Waɗanda suka ce "jirgin sama" da "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ba su fi mu hankali ba, sun dai fi mu kishi. Yau ka ari rezolushan, gobe jimlar duka ta zama aro.

Auwal: Malam, da girmanka, "na'ura" ɗin ma daga Larabci ta zo. Kuma mutum nawa ke cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa in ya zo sayen caja?

Isufu Damagaram: Ku dakata, 'yan'uwa. Rezolushan ɗinku a iyaka yake tsayawa. A nan Nijar Windows da Faransanci yake zuwa mana, furucinmu daban ne. In kuna son takarda ta yi aiki a Maraɗi da Damagaram, kalmar bayani ta fi. Kuma ku riƙa tuna cewa ba a Kano kaɗai ake yanke wa Hausa hukunci ba.

Malam Tukur: Ba wanda ya ambaci Kano. Saƙa ai ta kowa ce.

Malama Hadiza: An bar Nura a tsaye. A gwada kowace kalma a cikin jimlolin darasin, wadda ta ɗauki nauyi ita ce.

Injiniya Bashir: To ga su. Kowane allon LCD yana da adadin ɗigo na asali wanda ba ya canzawa. Idan ka ba allon 1366×768 hoton 1280×720, dole ya miƙe shi, kuma tunda lissafin bai raba daidai ba, sai rubutu ya yi dishi-dishi. Shi ya sa matakin farko shi ne a daidaita gem da adadin asali. In katin hoton (ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto) ba shi da ƙarfi, a fara rage inuwa kafin a taɓa adadin ɗigo. In baƙin shafi ya fito dama da hagu, hoton 4:3 ne (faɗi huɗu ga tsayi uku), kamar 1024×768, a kan allon 16:9. Wannan ba lalacewa ba ce. In aka tilasta shi ya cika allo ta saitin katin NVIDIA, AMD ko Intel, mutane za su yi faɗi, ƙwallo ta daina zama da'ira.

Wanda ya fi rikita masu koyo shi ne wannan: gem ya buɗe amma kusurwa ɗaya kawai ake gani, ko maus yana danna gefen abin da aka nufa. Adadin ɗigo lafiyarsa lau. Windows ne ya ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150, tsohon gem kuma bai san da wannan ba. A danna dama a kan fayil ɗin gem, Properties, Compatibility, Change high DPI settings, a kunna Override high DPI scaling behavior, a zaɓi Application. In kuma talabijin aka haɗa da HDMI gefen hoto ya yanke ta ko'ina, a talabijin ɗin za a gyara: Just Scan a LG, Screen Fit a Samsung. Yanzu ku sa "saƙa" ko "inganci" a waɗannan jimloli ku ji.

Malama Hadiza: "Ingancin asali na allo" bai zauna ba, na janye. Amma "ɗigo" yana damuna, don yaro zai tuna ɗigon rubutu. Sai an fara bayyana cewa ɗigon haske ne mai launin ja, kore da shuɗi.

Auwal: Ku sa abin da kuka ga dama, amma menu ɗin gem ba zai rubuta adadin ɗigo ba. In yaro bai san kalmar da zai nema a allo ba, darasin bai yi amfani ba.

Nura: Na gode ƙwarai. Ga yadda zan yi: a farkon takarda zan rubuta kalmar yadda take a menu, in bayyana ɗigo kamar yadda Malama ta ce, daga nan sai "adadin ɗigo" har ƙarshe. Malam Isufu, in ka turo sunayen menu na Faransanci zan sa su a gefe.

Malam Tukur: Ban gamsu ba, har yanzu bayani ne ba suna ba. Amma tunda ba aro ba ne, a buga. Sharaɗina ɗaya: a bar wa cinkoso kalmar saƙa, kada gobe wani ya kawo mana "densiti".

Injiniya Bashir: Wannan na amince. Saura ɗaya, Nura. In monita ta rubuta Out of Range, ba lallai adadin ɗigo ba ne, yana iya zama gem ya nemi 75Hz (sabunta hoto sau 75 a daƙiƙa) a allon da iyakarsa 60Hz. Ni "saurin sabunta hoto" nake cewa.

Malam Tukur: Kalma uku kuma? A'a. Ku ba ni zuwa Laraba.