Taɓo ya cinye min wurin kaji, ga wani abu yana kashe su da dare, ku ba ni shawara

Uwar Kaji:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a yi haƙuri da tsawon rubutuna, raina ne a jagule. Kajin nan ba saye na yi ba. Mahaifiyata ce ta bar min guda biyar da zakara ɗaya, Allah ya jiƙanta, shekara uku ke nan da rasuwarta. Akwai wata wake-wake a cikinsu da take ji da ita, kuma kusan duk waɗanda nake da su yanzu ita ta ƙyanƙyashe su. Da muka tashi daga tsohon gida maigidana ya ce a sayar, na ce da komai zan iya rabuwa ban da su, har sai da muka yi kwana biyu ba ma wata maganar kirki. Daga baya ya haƙura ya bar min lungun bayan ɗaki, ƙanena ya kewaye da raga ya haɗa min akurki na katako. Sun kai 22 har da 'yan tsaki.

Tun da ruwa ya zauna wurin ya koma caɓalɓal. Ƙafa tana nutsewa har idon sawu, ga wari, ƙwai duk laka. Sau biyu ina zuba busasshiyar ciyawa, ta ruɓe ta ƙara warin. Sai kuma ga wata sabuwa: cikin kwana tara na rasa bakwai. 'Yan tsaki huɗu sun ɓace ko gashinsu ban gani ba, manya biyu na tarar da safe an cije musu wuya an bar gangar jikin, jiya kuma wake-waken Mama. Wallahi kuka na yi. Me zan zuba a ƙasan nan, kuma mene ne yake kashe su?

Maman 'Yan Biyu:
Allah sarki, Allah ya jiƙan Mama, ya mayar miki da alheri. Ni dai kare nake zargi. Haka karen maƙwabcinmu ya yi min bara, kaji shida a dare ɗaya. Da na je na yi magana matar gidan cewa ta yi wai in kawo shaida. Har yau ko haƙuri ba a ba ni ba, kuma karen yana nan a sake yana yawo.

Tsohon Makiyayi:
Wa alaikumussalam 'yata. Ba kare ba ne. Kare yana yaga kaza ya watsa gashi ko'ina, kuma sai ya fasa raga ko ya tona rami babba, da kin gani. Shaho da shirwa da rana suke farauta, kuma shaho yakan bar tarin gashi inda ya fige. Cizon wuya a bar jiki aikin tunku ne ko muzuru. 'Yan tsakin da suka ɓace babu alama kuwa, ki nemi gafiya ko maciji. Wato maƙiyi biyu gare ki, ba ɗaya ba. Amma kin ba mu labarin gida kin bar abin da ake bukata. Faɗin wurin nawa ne? Wace irin raga? Kina kulle akurkin da dare? Ruwan rufin ɗakin a ina yake zuba?

Uwar Kaji:
Baba, wurin zai kai mita 4 a tsawo, 2 a faɗi. Ragar ita ce siririyar nan ta kaji da kowa ke sa wa. Ƙofar akurki ba na rufewa saboda zafi, kuma ai ragar ta kewaye ko'ina. Ruwan kwano a nan yake sauka, amma tun farko haka gidan yake.

Tsohon Makiyayi:
To kin amsa tambayarki da bakinki. Ki yi lissafi: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ke nan. Ko da rufin da ke zuba a lungun murabba'in mita 20 ne kawai, aka yi ruwan milimita 20, lita 400 ce ta sauka a kan kajinki, jarka ashirin mai cin lita ashirin-ashirin. Babu abin da za ki zuba a ƙasa ya shanye wannan. Ki sa indararo ya kai ruwan waje, ki rufa saman wurin da kwano ko tamfol mai gangara, ki haƙa 'yar kwata a gefen da ya fi tudu ki cika da tsakuwa. Sai bayan haka ki kwashe lakar, ki zuba tsakuwa, ki bi da yashi mai manyan ƙwayoyi har ƙasan ta ɗara ta waje da santimita 10 zuwa 15.

Na biyu, wurin ya yi musu kaɗan. Abin da aka saba ƙiyastawa kusan murabba'in mita 1 ne ga kowace babbar kaza. Naki 8 ne. Kaji sun tattake ƙasa sun toshe ta da kashi, ta ina ruwa zai bi? Ki rage su zuwa takwas.

Na uku, siririyar ragar nan an yi ta ne don hana kaza fita, ba don hana dabba shiga ba. Ki nemi mai kauri wadda aka yi wa walda, mai ido rabin inci, wajen santimita 1.3. Ki binne gindinta santimita 30, ko ki shimfiɗa ta a ƙasa ta waje kamar rabin mita ki danne da duwatsu, don mai tono a gindin shinge yake farawa. Ƙofar akurki kuma a sa mata sakata tun yau da magariba. In zafi kike ji musu, a buɗe taga ta sama a sa mata wannan ragar.

Mai Agwagi:
Baba, da girmamawa, wannan aiki ya yi yawa. 'Yar uwa, ki dafe wurin da siminti kawai ki huta. Ni haka na yi, kullum da safe in watsa ruwa in share. Gafiya ba ta tona siminti.

Ɗalibar Kiwo:
Anti, sannu da rashi. Ni yashi ne ban yarda da shi ba. In ƙasan wurin yumɓu ce kuma babu rufi, yashi yana haɗuwa da laka da kashi ya daskare. Manyan ɓarɓashin itace sun fi, a zuba da kauri, kaji su riƙa tona suna juyawa. Ba garin katako mai laushi ba, shi riƙe ruwa yake yi. Ciyawar nan kuma ki kwashe ta yau, in ta yi fumfuna tana sa musu ciwon numfashi. Siminti tsurarsa yana cin tafin ƙafa, kuma kaza tana bukatar inda za ta yi birgima a ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne cutar koksidiyosis, wata cutar hanji da ke kama kaji. Ƙwayoyinta suna fita a kashi, kuma a ƙasa mai damshi da ɗumi kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe su su zama masu kamawa. 'Yan tsaki ta fi kayarwa. In kin ga zawo da jini ko sun takure sun saki fiffike, ki nemi likitan dabbobi da wuri.

Tsohon Makiyayi:
'Yata, ai na ce a yi rufi tukuna. Yashi a ƙarƙashin rufi ba ya daskarewa. Shekara da shekaru da shi nake aiki, ba a takarda na karanta ba.

Ɗan Autan Zaure:
Ku bar dogon zance. Shinkafar ɓera za ta sa a bakin raga, a yayyafa farar ƙasa a kan lakar, shi ke nan.

Tsohon Makiyayi:
Kul! Kada ki kuskura. Kaza za ta tsinci gubar, ko ta caccaki mushen ɓeran, ga kyanwa, ga yara a gida. Farar ƙasar gini kuma in ta jiƙe tana ƙona ƙafa. Tarko a cikin akwati mai ƙaramar ƙofa ya fi. Kuma ki daina barin abinci a waje da dare, shi yake gayyato gafiya, maciji kuma ya biyo sawun ɓeraye.

Uwar Kaji:
Na gode muku duka, Allah ya saka. Amma Baba maganar ragewa ba za ta yiwu ba, jinin kajin Mama ne, kuma yanzu ma 15 suka rage. Ragar kuma ƙanena da kuɗinsa ya saya ya sha rana yana ɗaurawa, da wane baki zan ce masa a cire? Shekara biyu tana nan ba abin da ya shiga sai bana. Indararo kuwa gidan haya ne, mai gidan ko ƙusa ba ya so a buga.

Maman 'Yan Biyu:
Masu gidan haya kam sai addu'a. Namu shekara biyu muna roƙo ya gyara yoyon ɗaki, amma wata na ƙarewa zai turo a karɓi kuɗi.

Ɗalibar Kiwo:
Anti, ba sai an cire ta ƙaninki ba, a ɗora mai kaurin a kanta daga ƙasa zuwa ƙugu. Ki kuma jera katako ko bulo su samu busasshen wurin tsayawa kafin a yi sauran.

Tsohon Makiyayi:
Zuwa ƙugu bai isa ba, muzuru hawa yake yi. Shekara biyun da kike faɗa ba su gano wurin ba ne, yanzu sun gano kuma za su dawo. Sakatar dai, ita ba ta bukatar izinin mai gida. Kin sa?

Uwar Kaji:
Ban sa ba tukuna Baba, jingina wani katako na yi a ƙofar, don in na rufe su ruf sai su yi ta haki. Yau da safe na ga wani rami kamar faɗin dunƙulen hannu a bayan akurkin, na toshe da dutse. Wata maƙwabciyata ta ce in bar fitila a kunne har asuba, wai ba sa son haske. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?