Ƙyallayen filanel sun ƙi haɗuwa daidai, teloli ku taimaka mini

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗinki. Daga Ngaundere nake rubuto muku. Kun san sanyin nan garin idan hunturu ya shigo a watan Disamba, shi ya sa na ƙudura ɗinka wa Inna bargo da yadin filanel, wannan mai laushi mai gashi-gashi, don ƙafafunta ba sa jure sanyi yanzu.

Na yanka ƙyallaye masu kusurwa huɗu, kowanne santimita 15. Matsalar ita ce duk sanda na ɗora biyu na bi da keke, sai na saman ya miƙe, in kai ƙarshe ya fi na ƙasa tsawo da kusan rabin santimita. Layi uku na haɗa, kusurwoyin ko ɗaya bai dace da ɗan uwansa ba. Na kafa fil, na sassauta zare, na koma allura mai lamba 16, duk a banza. Kekena Butterfly ce ta ƙafa, atamfa da shadda ba ta taɓa yi mini haka ba.

Abin da ya fi damuna, bakin yadin tsefewa yake yi, ɓurɓushinsa kuma ya cika wurin zaren ƙasa. Ban wanke shi kafin in yanka ba, sai daga baya wata maƙwabciya ta ce mini filanel yana tsukewa in ya sha ruwa.

To yanzu in wanke yankakkun ƙyallayen ne, ko za su ƙara tsefewa? Sitati da guga za su hana shi miƙewa? Kuma santimita nawa kuke bari a bakin ɗinki? Don Allah wanda ya taɓa yi ya amsa mini.